Mai Jegon da Ba Ta Son Wuta

Da aka gama ginin madatsar ruwa ta Goronyo, Turawan da suka yi aikin suka fara tattara komatsansu, ni ma aikina ya ƙare. Tun bayan rasuwar mijina nake wanki da guga a gidan wani injiniya. Matarsa tana da wasu dabbobi biyu a keji, mace da namiji, tana kiran su cincila. In ka gan su sai ka ce ɓera ne ya ci ya ƙoshi, sai dai kunnuwan irin na zomo ne, jelar kuma ta kurege. A ɗaki mai na'urar sanyi suke kwana, mu 'yan Adam muna gasuwa a waje, kuma na daɗe ina jin haushinsu a kan haka. Ni ce dai mai share musu keji, don haka na san ba sa shiri da zafi, ba a kuma taɓa su da ruwa. A cikin rairayi mai laushi suke birgima, wankansu ke nan.

Da tafiya ta zo aka ce ba za a shiga jirgi da su ba, sai matar ta bar wa maigadi. Shi kuwa ya haɗa su da kajinsa a ɗakin kwano. Ranar da na koma ɗaukar tukwanena na tarar namijin ya mutu, macen tana kwance a kusurwa, gashinta ya cukurkuɗe da kashin kaji. Ban san abin da ya shiga kaina ba. Na ɗauki kejin na rufa masa zane, maigadi ma har godiya ya yi mini, na hau motar albasa zuwa Wurno, gidan Inna mahaifiyata.

Inna ta ɗaga zanen, ta dube ni.

"Mi na na wanga? Ɓera kinka kawo muna gida?"

Na ce baƙuwa ce. Ta ce to, baƙo raɓa ne, Allah ya sa wannan ma haka.

Sa'ar da muka ci, sanyi ya fara shigowa. Na ajiye kejin a rumfar ruwa, tsakanin randuna biyu, inda ƙasa ba ta rabuwa da sanyi, na kwantar mata da wani tsohon tulu a ciki don ta riƙa shiga. Ina ba ta busasshiyar harawa, ina tankaɗe mata rairayin gulbi da rariya. Sannu a hankali ta murmure, gashin ya koma ruwan toka mai sheƙi. Daga nan sai ta fara ƙiba, amma ƙibar a gefe da gefe take, wuyanta kuma yana nan yadda yake.

Inna unguwarzoma ce. Rabin unguwarmu a hannunta suka faɗo duniya, kuma ba ta iya ganin ciki ta kau da kai, ko na akuya ne. Wata safiya na tarar ta zura hannu cikin kejin tana lallatsa dabbar da yatsu biyu, ita da ta rantse ba za ta taɓa ɓera ba.

"Wagga ba ita ɗai ta ba," ta ce. "Akwai ɗiya ciki."

Tun daga ranar ban sake samun kwanciyar hankali ba. Ban san watanni nawa irinta ke yi da ciki ba, ban san yadda take haihuwa ba, ban ma tabbata cikin ne ba. Zomo wata guda yake yi, ita kuwa wata ya wuce, wani ya bi bayansa, shiru kake ji. Na fara zargin kumburi ne, ko wata cuta da ta kwaso wurin kaji. Har Rabah na je ran kasuwa wurin malamin dabbobi, wani Kirista mutumin kudancin Kaduna mai yawan fara'a. Na kwatanta masa ita da hannu da baki. Bai ɓoye mini ba, ya ce shi shanu da awaki ya sani, wannan a hoto kawai ya taɓa ganinta. Shawararsa ita ce in rage damunta da taɓawa, kuma in tsare ta daga zafi ko ta halin ƙaƙa.

Zafin kuwa yana tafe. A lokacin an fara sako ruwan madatsa cikin hanyoyin ruwa, noman rani ya kankama, ni kuma na koma sayar da tuwo ga masu aikin albasa da tafarnuwa a fadama. Kullum ina duban alkama tana juyawa daga kore zuwa ja, ina sa hannu a ruwan da ake sakowa ina jin yadda ya fara ɗumi tun kafin azahar. Kowa murna yake sanyi ya tafi, ni kaɗai nake roƙon Allah ya ƙara mana kwana biyu. Ina dawowa gida rumfar ruwa nake fara nufa, in tsuguna ina kallon cikinta ko zai motsa. Ranar da ta ƙi cin harawa ni ma ban iya cin tuwo ba.

Ashe ba rana ce kaɗai abin tsoro ba. Na lura Inna ta ware kasko da gawayi, ta sa an yanko mata ganyen dogon yaro, ta kuma ciro kanwa daga cikin ƙwarya. Shirin jego take yi. A wurin Inna, duk wadda ta haihu jikinta ɗanye ne, in sanyi ya shige shi sai dai wata ba ita ba. Maganinsa wuta a ƙarƙashin gado, da wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, da kunun kanwa, har a yi arba'in. Na zauna na yi mata bayani cikin ladabi, cewa wannan daga ƙasar duwatsu masu sanyi aka kawo ta, zafi ne ya kashe mijinta. Inna ta ce ba ta taɓa ganin halittar da ta haihu tana neman sanyi ba, akuyarta ma tana hura mata wuta. Na roƙe ta, na sake roƙo. Ta ce ta ji. Na kuwa san Inna, jin ta daban, yardarta daban.

Wata safiya cincilar ta haihu, ina tsaka da kwashe tuwo. Na leƙa tulun na ga 'ya'ya biyu, da gashinsu, idonsu a buɗe, uwar tana lasarsu. Inna ta yi salati, ta ce tunda take ba ta taɓa ganin jariri ya zo duniya da rigarsa ba. Na so in zauna, amma tuwo ya riga ya dahu, mutane suna jira a fadama. Na ɗauki kaya, na tsaya a bakin zaure na ce, "Inna, don Allah ki bar ta inda take." Ta ɗaga mini hannu ba tare da ta juyo ba.

A fadama hankalina yana gida. Na zuba wa wani miya sau biyu, wani kuma na miƙa masa tuwo gaya. Kafin rana ta take tsaka na bar wa maƙwabciyata sauran, na kamo hanya kusan da gudu. Tun daga zaure na ji ƙamshin gawayi da na dogon yaro.

Kejin ba ya rumfar ruwa. Yana ɗakin Inna, an saki asabari, an rufa masa bargo, kasko yana ci a gefensa, ga tukunyar ruwa tana tafasa a murhu. Na yaye bargon. Tana kwance a gefe guda, kunnuwanta sun yi jawur, bakinta yana dalalar miyau, numfashinta sama-sama.

"Inna, kin dafa ta," na ce. Ban taɓa yi mata magana da irin wannan muryar ba.

Na sure kejin na mai da shi tsakanin randuna, na kwantar da ita a cikin tulu, ina tsoma yatsa a ruwa ina shafa mata a kunne. Ina kuka, ina jin haushin Inna, da matar injiniya, da kaina da na ɗauko abin da ba na ƙasarmu ba. Inna ta tsaya a kaina. Can sai ta shiga ɗaki ta fito da mahuci, ta durƙusa a kan gwiwoyinta masu ciwo, ta fara yi mata fifita.

Sai wajen la'asar cincilar ta ɗago kai ta lashi ruwa. Ɗaya daga cikin 'ya'yan ya rarrafo ya shige ƙarƙashinta. Ɗayan bai motsa ba. Inna ta ɗauke shi a tafin hannu, ta hura masa iska a hanci yadda take yi wa jariran da suka zo ba kuka, ta murza ƙirjinsa da yatsa, ta daɗe tana yi. Sannan ta yage bakin zanenta ta naɗe shi, ta zagaya bayan ɗaki inda take binne mabiyiya, ta tona rami da kanta. Da ta dawo ta sauke tukunyar, ta kwarara ruwan zafin a makwarara, ta kashe kaskon.

"Hannuna bai taɓa kashe ɗiyan kowa ba sai yau," ta ce. "Wagga arba'in, da mahuci za mu yi ta."

Haka kuwa aka yi. Bazara ta shigo da ƙarfinta, Inna ta mai da tabarmarta rumfar ruwa, tana wuni tsakanin randuna, uwa da ɗa suna cikin tulu. In aka zo kiranta wurin haihuwa, sai ta ɗauki kanwarta da ganyenta kamar kullum, amma ba ta fita sai ta danƙa mini mahucin a hannu, ta ga na fara kaɗawa.