Mai Sabulu a Layin Rajista

Karo na uku ke nan wani tela yana zuwa ofishin rajista da fom a aljihu yana juyawa bai miƙa ba, wai shi wane ne da zai buɗe kamfani. Yau wata tsohuwa ce a gabansa, mayafinta ya koɗe, hannayenta sun tsattsage. Da gani ta daɗe tana haɗa sabulu. Ba ta iya rubutu ba, akawu ke cike mata.

"Ma'aikatanki nawa, Iya?"

"Yau dai ni kaɗai ce, ɗana. Amma kada ka cika wurin, bar wa masu zuwa fili."

Ta dangwala yatsa a kan takardarta. Tela yana warware fom ɗinsa a kan gwiwa, yana sa mata albarka a ransa. Ita ko waiwayowa ba ta yi ba.