Takalman Inna a Tekun Badagiri

Ana kiran asalatu muka bar Funtua, ni da Inna mahaifiyata da wata ƙanwata. Yayyena maza biyu ko tasha ba su rako mu ba. A ganinsu hauka ne a ɗauki tsohuwa mai yanar ido a kai ta Kudu kallon ruwa, ga masara ba a gama cirewa ba. Ni kuwa likita ya gaya mini ganinta raguwa yake yi, kuma tun ina yarinya nake jin tana burin ganin ruwan da ba a hango tsallakensa. Na ce su yi ta fushinsu, sai mun je.

Hanya ta ba mu kashi, ramuka ba a magana. A gadar Jebba Inna ta leƙa kogin Kwara ta tambaya ko mun iso, duk motar aka kwashe da dariya. A Ikko ta ji kuɗin gasasshiyar masara guda ɗaya, ta ce ita manomiya ba za a yi wannan zalunci da ita ba, ta buɗe dambunta.

A Badagiri mun fara da gidan tarihi. Inna ta ɗaga sarƙar da aka ɗaure bayi da ita, ta mayar da ita a hankali. Daga nan kwalekwale ya tsallakar da mu, muka ratsa itatuwan kwakwa, sai ga teku.

Inna ta tuɓe takalmanta ta ajiye a bakin ruwa, yadda muke yi a dam ɗin Mairuwa, inda ruwa ke zama wurin da ka bar shi. Wannan ruwan bai san haka ba. Igiya guda ta zo ta kwashe su. Ƙanwata ta zabura za ta bi su, wani masunci ya tare ta. Inna ko waiwaye ba ta yi ba, tana tsaye ruwa na dukan zaninta, tana kallo tana tasbihi. Ni dai kuka na yi.

Da muka dawo, babban yayana ya dubi silifas ɗin roba a ƙafar Inna ya tambaya ko ribar tafiyar ke nan.

Ta ce, "Takalmi akwai shi a kasuwa, Alhaji. Ido fa, a wace rumfa ake sayarwa?"

Na koyi daina jiran yardar kowa a kan burin tsohuwata. Yanzu da ƙyar take gane fuska, amma duk wanda ya zo gaishe ta sai ya ji launin teku.