Gwadon da Na Sauke Daga Kan Gora

Kwana uku bayan Babbar Sallah muke zuwa yashi. Lokacin kogin Kwara ya janye, wani dogon tudun rairayi ya fito a tsakiyar ruwa, gangaren Gaya kafin a kai Tunuga. Mu yara wanka da cin nama suke kai mu. Inna kuwa yayarta take zuwa gani.

Iya muke ce mata. Tana aure a wata tungar masunta a tsallake, ƙasar Dahome. Da can jirgi kawai ake shiga a je. Bayan an samu 'yancin kai sai gwamnatocin biyu suka fara hararar juna, aka rufe gada, jandarma suka riƙa tsare duk jirgin da ya taɓa gaɓar da ba tasa ba. Baba mushe ne a lakwal, wato malamin makarantar boko, ma'aikacin gwamnati, ba zai yarda a ce an kama iyalinsa a tsallake ba. Yashin nan kuwa ba wanda ya san na wa ne. Can 'yan'uwan biyu suke haɗuwa, sau ɗaya a shekara.

Alama ɗaya ce tsakaninsu. Da mun sauka, Inna za ta kafa gorar tuƙa jirgi a ƙarshen yashin da ke kallon tungar, ta ɗaura farin gwadonta a kai. Iya tana bandar kifi har azahar. In ta yi salla sai ta fito bakin ruwa ta duba. In ta ga gwado ta shigo kwalekwale. In ba ta gani ba, to ko ba mu zo ba, ko akwai jandarma kusa, sai ta koma gida.

Shekarar da nake magana a kanta ina da shekara sha shida. Na zo hutu daga kwaleji a Yamai da agogo a hannu da littafin Faransanci a jaka, kuma ba abin da ke cikin Gaya da bai ba ni haushi ba.

Ranar ta fara da daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Wani tsohon masunci Badande ya kai mu a jirginsa ya wuce duba komarsa. Ƙannena mata biyu suka tuɓe suka faɗa ruwa mai kai gwiwa, suna kamun 'yan kifaye da ƙwarya suna sakewa. Baba ya kafa zana ɗaya, ya kwanta a inuwarta da rediyo a kan ciki, kafin a gama labaru ya fara minshari. Inna ta ɗaura gwado, ta miƙo mini auta, ta tafi ɗaya ƙarshen, bayan wasu ciyayi inda iska ba ta kashe wuta, za ta dafa shinkafa da soyayyen naman layya.

Da rana ta take, rairayi ya zama garwashi. Auta tana tsala kuka. Inuwa guda ce, ta Baba, ni kuwa na girmi kwanciya kusa da shi. Farar takardar littafin tana kashe mini ido. Na ɗaga kai na ga gwado yana kaɗawa a banza, ga shi babba, ga kauri.

Na kwance shi.

"Yaya, na Iya ne fa!" in ji babbar ƙanwata, tana tsaye ruwa na ɗiga daga kitsonta.

"Iya tana da agogo ne? Azahar da saura. Minti goma kawai."

"Zan faɗa wa Inna."

"Faɗa mana, sarkin baki. Sai ki ga wanda zai sake yi miki lissafi."

Na kafa filafilai biyu da mai jirgi ya bari a rairayi na shimfiɗa gwadon a kai. Auta ta yi shiru nan take. Na karanta shafi uku, ko huɗu. Abin da na sani bayan nan shi ne na farka inuwar ta bar kaina ta koma gefe, agogon da nake taƙama da shi yana nuna uku da rabi.

Da gudu na mai da gwadon kan gora. Na ciro alewar da na ɓoye na cusa wa ƙannena a baki. Ban gama ba sai ga Inna da kwanon shinkafa a ka. Ta canza zane, ta saka na Sallah.

"Har yanzu ba ta fito ba?"

"Ban ga kowa ba," na ce. Wannan kam gaskiya ne.

Muka ci, ita ba ta ci ba. Ta tsaya jikin gorar da hannu a goshi, kwanon rabon Iya a ƙafarta, an ɗaure shi da ƙyalle: hanta da tsokar cinya, waɗanda ta hana mu taɓawa kwana uku. Baba ya so ya ba ta dariya.

"Yayarki ta zama cikakkiyar 'yar Dahome, sai kin aika mata takarda da hatimi."

"Mushe, ci abincinka."

Sai da mai jirgi ya ce in rana ta faɗi ba zai ɗauke mu ba sannan ta kwance gwadon. Ta daɗe tana ninke shi.

Ta hannun masunta naman ya isa. Bayan mako saƙo ya dawo: Iya ta ce ta fito bayan azahar, ta tsaya har ƙafarta ta gaji, gora kawai ta hango, ba gwado. Baba ya juyo yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Inna ta riga kowa magana.

"Hayaƙin banda ne ya fara cin idonta. Tun bara na lura."

Na bar idon Iya ya ɗauki laifina. Kafin wata Sallar, kifi ya yi ƙaranci, mijinta ya kwashe gidansa suka gangara Yawuri. Yau shekara huɗu ke nan ba su ga juna ba.

Bara na faɗa wa Inna gaskiya. Tana tsince shinkafa a faifai, na tsaya a kanta na zubo shi duka a numfashi ɗaya, don ban iya kewaye-kewaye ba. Ba ta ɗago ba.

"Ai ƙanwarki ta gaya mini tun a jirgi, ko zaƙin alewar bai bar bakinta ba."

"To me ya sa ba ki ce komai ba?"

"Da babanki ya ji, da ba ki koma Yamai ba." Ta fitar da tsakuwa ta yar. "Matsa, kin tare mini haske."

Har yanzu muna zuwa yashi, yara suna wankansu. Inna tana kafa gorar duk da ta san ba mai dubawa. Ni nake ɗaura gwadon, kuma nan nake zama a gindinsa, cikin rana, har mai jirgi ya dawo.