Kunun Kanwar da Baba Ya Dama a Lyon

Ni ce ƴar fari a gidanmu, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. Haka ake yi a Damagaram inda aka haife shi. Uba yana jin kunyar ɗan fari: ba ya faɗin sunansa, ba ya ɗaukarsa gaban mutane, ba ya nuna ya damu da shi. A can abin ba ya ciwo, don gida cike yake da kakanni da gwaggwanni masu ɗaukar yaro su yi ta kiransa har ya gaji da amsawa. Mu kuwa a La Courneuve muke, can saman wani dogon bene da asansar ɗinsa, na'urar hawa sama, ke lalacewa kullum, daga Baba da Inna sai ni da ƙanwata. Ina lise, wato babbar sakandare, Inna ta rasu, muka koma mu uku.

Sunan ƙanwata ba ya hutawa a bakin Baba. Ni kuwa "ke" ce. In da baƙi, "yarinyar nan". Akwai ranar da ya zo taron iyaye a lakwal, malamar Faransanci ta tambaye shi wace ce ƴarsa, sai ya nuna ni da haɓa. Ta sake tambaya, ya sake nunawa. Washegari matar ta ja ni gefe tana tambayata ko lafiya muke a gida. Na ce mata lafiya lau, al'ada ce. Na gaji da bayanin tun kafin in fara shi.

Baba gadi yake yi a wata ma'ajiyar kaya a Bobigny. In ya dawo ya yi magariba, sai ya zauna gaban tele. Yana jin Faransanci sarai, amma karatunsa a hankali yake tafiya, don haka in an sa fim mai rubutu a ƙasa ni ce tafinta. Wata Lahadi aka sa wani fim na ban dariya da Jamusanci. Na manta sunansa, ban ma tabbata na karanta ba. Wani Bajamushe ne mai tumbi, shugaban ofis, wanda ko cokali ya karkace a kan tebur sai ya gyara shi. Matarsa ta yi tafiya ta bar masa ƙaramar ƴarsu. Ya ɗaura mata kush, ƙunzugun yara, a baibai, ya ƙona tukunya, ya tafi taro da kunun yarinya a kafaɗar kwat. Ina karanta Faransancin ina juya wa Baba da Hausa, shi kuma yana dariya har da riƙe ciki.

"Kai, wannan mutum sakarai ne! Ke, me ya ce?"

"Ya ce tukunyar ce ba ta da kyau."

"Tukunya! Allah ya shirya."

Can wajen ƙarshe yarinyar ta ɓace masa a gar, tashar jirgin ƙasa. Mutumin da ba ya ɗaga murya ya shiga gudu cikin ruwan sama yana kwarma sunanta, har ya same ta zaune kan akwatin wani. Ya durƙusa a ƙasa da kwat ɗinsa ya rungume ta. A nan ba abin fassarawa, suna ne kawai ake ta maimaitawa. Baba ya daina dariya.

Ban iya riƙe magana ba, ban taɓa iyawa ba. Na ce, "Ka gani, Baba? Mutum yana canzawa."

Ya ce, "Bajamushe ne. Su kafin a rufe tele sun canza." Ya miƙe ya tafi alwala.

Bayan ƴan shekaru na yi aure. Ni na zaɓi mijina, ɗan Maradi ne mai haɗa wayar lantarki a wuraren gini, aikinsa a Lyon. Ranar da zan tafi Baba ya raka mu har gar, ya yi wa mijina nasiha mai tsawo, ya ce masa, "A riƙe ta amana." Ni ya ce mini in kula da jaka.

Haihuwata ta fari ta zo da wahala, sai da aka yi mini aiki aka ciro yarinya. Da aka sallame ni na dawo gida ba na iya miƙewa sosai. Hutun mijina ya ƙare kafin in fara tafiya ba tare da dafa bango ba. A ƙa'ida mai jego gidan uwarta take komawa, a dafa mata ruwan wanka, a dama mata kunun kanwa, a hana ta taɓa komai. Ni ba uwa. Ƙanwata tana fama da jarrabawar bak ta gama sakandare. Gwaggo, ƙanwar Baba da ke Sevran, ta yi alkawarin zuwa, amma masu gidan da take yi wa reno suka hana ta. Baba yakan bugo waya, in na ɗauka ya ce, "Lafiya? Madalla. Maigidan yana nan?" Sai ya tambayi mijina yadda mai jiki take, ni kuwa ina tsaye kusa da wayar.

Wata safiya aka buga ƙofa. Na ja ƙafa na buɗe, sai ga Baba da babbar riga a ƙarƙashin manto, rigar sanyi, da wata jaka mai nauyi. Ya ɗauki hutu bai gaya wa kowa ba. Ya dube ni sau ɗaya, ya kau da kai ya ce, "Ina madafa?"

A cikin jakar akwai garin gero da kanwa da yaji da citta, duk ya sayo a shagunan ƴan Afirka na arewacin Paris. Ya je Sevran Gwaggo ta gaya masa yadda ake yi, ya ce ya haddace. Mutumin da a rayuwarsa ko shayi Inna ke haɗa masa, bayan ita kuma ni.

Kunun farko ya fito kore-kore, da gudaji kamar tsakuwa, ga kanwa ta yi yawa har tana cizon harshe. Gindin tukunyar ya kama, hayaƙi ya cika falo, maƙwabciyarmu ta leƙo tana tambaya ko gobara ce. Baba ya tsaya da muciya a hannu, gari har kan gemunsa, ya ce wutar gaz ɗin Lyon ta fi ta Paris zafi.

Na ce, "Tukunyar ce ba ta da kyau."

Ya gane. Na ga gefen bakinsa ya motsa, amma bai yarda ya yi dariya ba.

Ruwan wanka ma rigima ce. Famfonmu yana da ruwan zafi, amma Baba ya ce na jego sai an tafasa shi a wuta. Na gaya masa likita ta hana in jiƙa ɗinkin. Ya ce Gwaggo ba ta faɗi haka ba. Na ce Gwaggo ba ita aka yanka ba. Kullum da safe sai ya tafasa, ya kai bokiti ƙofar bayi ya ajiye, ya fice baranda cikin sanyi ya juya baya, don kada a ce ya ga ƴarsa za ta shiga wanka. Ni kuma in jiƙa tsumma in goge jiki, in zubar da sauran.

Jaririyar kuwa ya same ta yadda yake so. Jika ba kunya a kanta, abokiyar wasa ce. Yana ɗaukarta yana zagaya falo, yana kiran sunanta, yana ce mata amaryarsa. "Ke mummuna, wa zai aure ki in ba ni ba? Dubi hanci kamar na mutanen Maradi." Ya koyi ɗaura kush, ya fi Bajamushen saurin ganewa. Kuma ta bakinta yake yi mini magana. "Amarya, gaya wa mai gidan nan ta sha tun da zafi." "Amarya, ce mata ta kwanta, kwanukan ba za su gudu ba."

Na jure kwanaki. Wata rana da hantsi ɗinkin yana ja, nono ya cika yana zafi, ga kofin kunu mai ɗaci a gabana, ga shi yana rera sunan yarinyar kamar waƙa. Na ajiye kofin da ƙarfi.

"Baba, ina da suna. Kai ka raɗa mini shi."

Ya tsaya cak da yarinyar a kafaɗa. "Na san shi."

"To faɗe shi. Ba kowa a nan. Ba Gwaggo, ba ƴan Damagaram. Daga ni sai kai sai wadda ba ta jin magana."

Ya daɗe yana shafa bayan jaririyar. Sannan ya ce, "Ni ma ɗan fari ne. Ban taɓa jin nawa a bakin tsohona ba har ya koma ga Allah. Ban taɓa zaton ba ya sona ba."

"Kai kana da kaka, kana da gida guda masu kiranka. Ni wa nake da shi? Inna ma ba ta kira ba, kuma ta tafi."

Ya buɗe baki. Wallahi na ga ya buɗe, na ga leɓensa ya shirya. Sai ya rufe, ya kwantar da yarinyar a hankali, ya shiga madafa. Na ji yana kankare tukunya, ya daɗe yana kankara. Ban yi kuka ba, barci nake ji. Na ɗauki kofin na shanye, don ba wani abinci a gidan sai shi.

Ranar da zai koma Paris ban iya raka shi gar ba. Ana yayyafi, har na tuna fim ɗin, na ji haushin kaina da na tuna. Ya tsaya bakin ƙofa da jakarsa da ta zama fanko, ya yi wa amaryarsa sallama mai tsawo. Ni ya ce mini, "Kanwar ƴar kaɗan ake sawa. Jiya na gano." Ya sauka. Na leƙa ta taga har ya sha kwana, bai waiwayo ba.

Daga nan na daina roƙo. Ƴata dai ina kiran sunanta daga safe har dare, a gida, a kan hanya, a cikin bus. Wata rana muna waya da Gwaggo, ta je gaida Baba a La Courneuve, ta ji na kira yarinyar da ƙarfi. Ta ce, "La'ilaha! Ƴar farin taki kike kira haka gatsal? Ba ki da kunya?" Kafin in ba ta amsar da ke bakina, na jiyo muryar Baba daga nesa yana cewa, "Ki bar ta. Wannan ai Bajamushiya ce."

Ya karɓi wayar. Bai nemi maigida ba. Ya ce, "Bajamushiya, ya jikin?"

Tun daga ranar haka yake kirana, a waya da gaban baƙi, har ƙanwata ta ɗauka. Ba wannan sunan na roƙa ba, kuma na gaya masa haka. Ya ce ya ji. Amma duk gidan ba mai sunan sai ni, kuma in ya kira ina amsawa.