Manja a Ƙarƙashin Tukunya

Mijinyawa maƙwabcina ne a garin Wakra, nan ƙasar Larabawa, ƙofarmu na kallon juna. Injiniyan na'urar sanyaya ɗaki ne a wani dogon gini a unguwar West Bay, mutum mai sanyin hali, ba ya ko ɗaga murya. Aibinsa ɗaya a wurina: yana kiwon maciji.

Wani abokin aikinsa ɗan Filifin ne ya bar masa shi da zai koma gida. Macijin masara ake ce wa irinsa, ba shi da dafi, siriri ne ja mai ɗige-ɗige, shi ya sa ya raɗa masa suna Manja. A akwatin gilashi yake zaune, da kwanon ruwa da ɗan faifan lantarki mai ɗumama gefe ɗaya, don sanyin na'ura na hana shi narkar da abinci. Duk Juma'a Mijinyawa zai ciro ƙanƙararren ɓera daga firiza, ya jiƙa shi a ruwan ɗumi, ya miƙa masa da hantsaki. Ni ko ruwan gidansa na daina sha.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, kububuwa ce ta kashe mahaifinsa a gona, a ƙauyensu kusa da Kaltungo. Yana ɗan shekara tara, yana tsaye a kunya ta gaba.

Da mahaifiyarsa, Inna Ajaratu, za ta zo ganin likitan ido, ya roƙe ni in ajiye masa akwatin. Na ce ko a mafarki. Sai ya ɗora shi a kan kabad, ya lulluɓe da bargo, garin sauri bai danne murfin ba.

Kwana huɗu da zuwanta, da hantsi, ya kira ni a waya yana haki.

"Aruna, kana gida? Inna ta ce ta kama maciji a kicin. Don Allah kada ka bari ta kashe shi, ina hanya!"

Na tarar da ita zaune daram a kan babbar tukunya da ta kife, muciya a hannu, leɓɓanta na rawa da addu'a. Tana cikin shara ta ga saɓa a bayan kabad, ta bi sawu har ta ritsa macijin, ta kife shi da tukunyar. Jira take ta gama addu'ar, ta ɗaga tukunyar ta rotse masa kai.

"Inna, a jira shi tukuna," na ce, ina daga bakin ƙofa.

"A jira wa? Gara ya sare ni kafin yarona ya dawo."

Minti arba'in muna haka. Sau biyu tana yunƙurin tashi, ina jan ta da surutun banza. Ban san ko bakin tukunyar ya riga ya datse shi ba.

Da Mijinyawa ya shigo, ta daka masa tsawa: "Kada ka matso!"

Ya durƙusa a gabanta. "Inna, nawa ne. Ni nake kiwonsa, shekara uku."

Ta miƙe a hankali. Ya ɗaga tukunyar. Manja ya dunƙule a kan tayil mai sanyi, da ransa. Ya ɗauke shi, macijin ya nannaɗe masa a hannu yana neman ɗumi. Wallahi sai da tsikar jikina ta tashi.

"Ka manta abin da ya kashe ubanka?" ta ce.

"Ban manta ba, Inna. Shekara ashirin ba na rufe ido ban ga gonar nan ba. Sai da na iya riƙe wannan na samu barci."

Muciyar ta faɗi daga hannunta. Tausayinsu ya kama ni, su biyun.

"Shekara ashirin," ta ce. "Ni da na raine ka a ɗaki ɗaya, ba ka taɓa gaya mini ba."