Nazifi ya je ta'aziyya Ɓaɓura

"Wai Hadiza, yaron nan naki ba ya magana ne?" Abin da Yaya Talatu ta fara tambayata ke nan a waya daga gidan ta'aziyya.

Nazifina take nufi, wanda ya ciyo wa makarantarsu kofin muhawara, yake cewa jakada zai zama. Babansa ba ya gari, shi ne na tura shi Ɓaɓura ya yi wa kawunsa ta'aziyyar matarsa. Kawun nan kuwa shi ya yi alkawarin riƙe shi a gidansa na Kano in ya gama sakandare bana.

Da ya dawo na ce, "Me ka ce wa Kawu?"

"Umma, mutane sun yi yawa."

"Ko ya haƙuri ba ka ce ba?"

"Ai na sa hotonta a waya, na rubuta Allah ya jiƙanta."

"Tuwon fa?"

"Na ci."

To alhamdu lillahi, bakin dai yana buɗewa.

Ni sai da na haifi huɗu na shiga makarantar manya, amma tun ina talla na iya durƙusawa in gai da mutane. Jiya Kawu ya aiko cewa maganar Kano a dakata, yaro ya ƙara girma tukuna. 

Gobe da safe zan mai da shi Ɓaɓura, ni a gaba, jakada a baya.

Iyaye, naku sun iya gaisuwa, ko su ma kofi suka ciyo?