Ƙugiyar Kawu Brimah

Kawu Brimah ya yi shekara talatin da wani abu yana gyaran rediyo a unguwar Akwatialine da ke Kumasi, kuma ban taɓa jin ya ce "ban sani ba" ko sau ɗaya. Ƙanen mahaifina ne, a gida ɗaya na tashi da shi, don haka ina da bakin magana. Abu biyu yake taƙama da su: hannunsa da Hausarsa. Mahaifinsu daga Dogon Dutsi ya zo, shi ya sa Kawu yake ganin mu 'yan Zangon Kumasi duk mun ɓata harshe. In ka ce "kofa", sai ya tsare ka a ƙofar har ka faɗe ta da ƙarfi daga maƙogwaro. Abin yana ba ni haushi tun ina ƙarama.

Da rediyo ya daina kawo masu gyara, sai ya koma kan intanet.

Dalilin kuwa yayarsa ce, Mma Azumi. Ciwon gwiwa ya hana ta fita shekara biyu, gidanmu kuma kwano ne da kaurin bango, sabis ba ya shiga sosai. 'Yarta Tayyiba tana Hamburg, shekara bakwai ba ta zo ba. Duk kiran bidiyo sai fuskarta ta daskare da baki a buɗe. Yanzu ga shi ta haihu, ranar Asabar da safe za a yi suna, Mma Azumi kuma ta ce ita dai tana so ta ga jaririyar tana motsi.

Kwana uku Kawu yana kan tsani. Ya kafa eriya a kan rufi, ya ja waya ta bi bango har tsakar gida, ya rataye rauta, na'urar raba intanet ɗin, a ƙarƙashin inuwar kwano, ya lulluɓe ta da ƙyallen saƙa saboda ƙura. Har tsohuwar kwamfutarsa ya haɗa, wai a riƙa zuba hotunan biki a wuri ɗaya kowa ya ɗauka daga ɗakinsa. Gaskiya aikin ya yi kyau. Da safiyar Asabar ya kunna, fitilu suka yi kore, ya gyara hula ya tsaya.

"Kawu, faswod ɗin fa?" na tambaye shi, wayar Mma Azumi a hannuna.

"Abin da kike karyawa da shi kullum. Ƙosai da koko, a haɗe."

Na rubuta koose, yadda kowa ke rubutawa a allon masu saidawa. Ta ƙi. Abdul-Wadud, tela mai haya a ɗakin ƙofa, ya leƙo ya ce, "Sista, o ɗaya ne, gwada kose." Ta ƙi. Matarsa ta ce a sa "ne" na yaren Tuwi a maimakon "da". Kafin minti goma gida duka ya taru, kowa na rubuta ƙosai irin na makarantar da ya yi. Kawu yana tsaye yana girgiza kai, daɗi kamar ya kashe shi.

A ƙarshe ya jero mini haruffan ɗaya bayan ɗaya. Na rubuta kosaidakoko. Ta sake ƙi.

"Ina ƙugiyar?" in ji shi. "Ka mai ƙugiya ce."

Ashe a kwamfutarsa ya je ya nemo harafin ƙ ya sa. Muka duba waya goma sha ɗaya, babu mai shi. Tayyiba kuwa ta turo saƙo cewa liman ya iso.

"Wofa, ka canza shi kawai, wan minit ne," in ji Abdul-Wadud, yana kiransa kawu da Tuwi.

Kawu ya ce ba zai rubuta kuskure da hannunsa ba, sai dai kowa ya sauke allon rubutun Hausa a wayarsa. Da wane intanet? Na ji kamar in fizge rautar in jefa ta rijiya.

Mma Azumi tana zaune a kujerarta tun asuba, ta sha lalle, ta ɗaura sabon ɗankwali. Ba ta ɗaga murya ba.

"Brimah, ni na goya ka. Lokacin kosai ma ba ka iya faɗa ba, 'tosai' kake cewa. Cire ƙugiyan nan in ga jikana."

Ya shiga ɗaki ya canza faswod ɗin a kwamfutarsa. Da ya fito bai kalli kowa ba, ya ce da bango, "Ku sa ka ta banza, marar ƙugiya."

Wayar ta kama. Mun makara, an riga an yi addu'a an raɗa suna, kuma wannan ya yi mini zafi sosai. Amma Tayyiba ta kawo jaririyar daf da waya. Ta yi hamma, ta miƙe hannu, ta murza ido, hoton bai daskare ba ko sau ɗaya. Mma Azumi ta riƙe wayar da hannu biyu. Kawu ya matso wai zai ɗan gyara zaman rautar, ta ce masa ba tare da ta ɗago kai ba:

"Kar ka taɓa komai. Zauna nan kusa da ni ka gan ta."